Girman harsashi ko iya saiti: Abin da ya kamata a sani game da bindigar kare kai

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin Jihar Sakkwato, zancen mallakar makami domin kare kai ya fita daga bakin maharba da tsofaffin sojoji, ya shiga majalisun unguwanni da rumfunan kasuwa. Da wuya a sami gida a Mabera ko Gawon Nama ko Runjin Sambo da ba shi da ɗan'uwa ko suruki ko abokin ciniki a Sabon Birni, Isa, Rabah ko Goronyo, saboda haka labarin ƙauye ba ya kwana bai iso birni ba. Idan hira ta yi nisa, takan gangaro kan tambaya guda: wace bindiga ce ke tsayar da maharin da ya tunkaro mutum? Wasu su ce sai mai ƙaton harsashi. Wasu su ce girman ba ya tsinana komai muddin hannu bai iya saiti ba.

Ba a nan muhawarar ta fara ba. Sojoji da 'yan sanda da likitocin fiɗa na Amurka da Turai sun haura shekara ɗari suna tafka ta, musamman a kan ƙaramar bindiga, wato fistol da libarba, kuma sun sauya matsayi fiye da sau ɗaya. Sai dai a Najeriya akwai dokar da ke gaba da amsoshin biyu, wadda da yawa daga masu gardamar ba su taɓa karantawa ba.

Me ake nufi da girman harsashi?

Lambar da ake kiran harsashi da ita tana nuna faɗinsa ne, ko faɗin ramin bakin bindigar da yake bi. Turai na aunawa da milimita, Amurka da Ingila kuma da ɓangaren inci. Harsashin fistol da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne mai milimita 9, wanda Georg Luger ya fitar a Jamus a 1902. Abokin gasarsa na tarihi shi ne mai lamba .45, wato kusan rabin inci, kimanin milimita 11.4. A tsakaninsu akwai .40, daidai da milimita 10, a ƙasa kuma akwai ɗan ƙaramin .22, mai milimita 5.6. Sunayen ma ba kullum suke faɗin gaskiya ba: harsashin libarba da ake kira .38 faɗinsa na ainihi .357 ne, kusan daidai da milimita 9. Bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma kuwa lissafinta a juye yake, domin gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon faɗin bakin. Mai lamba 12 da mafarauta suka sani bakinta ya haura milimita 18.

Faɗi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke ba harsashi ƙarfi, kuma ba shi ne babba ba. Akwai nauyi, akwai kuma gudu. A lissafin kimiyya, idan aka ninka nauyi sau biyu, ƙarfin bugu yakan ninku sau biyu, amma idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin yakan ninku sau huɗu. Harsashin .45 na soja nauyinsa kimanin giram 15 ne, yana tafiyar mita 250 da 'yan kai a daƙiƙa guda. Na milimita 9 nauyinsa kimanin giram 8, gudunsa ya kai mita 350 ko fiye. Idan aka buga lissafi, ƙarfinsu ya yi kusa da juna ƙwarai.

A nan ne mai zaune a Sakkwato ya kamata ya tsaya ya duba da kyau. Harsashin AK-47, bindigar da ta zama tambarin ɓarayin daji, faɗinsa milimita 7.62 ne. Ya fi na fistol siranta. Amma yana fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa, ƙarfinsa kuma ya kai ninki huɗu na harsashin milimita 9. Gidan harsashinta na ɗaukar guda 30, tana kuma cin nisan mita 300 cikin sauƙi, alhali fistol ko a hannun gwani ba a ɗora mata nauyin abin da ya wuce mita 50. Duk gardamar da ake yi tsakanin milimita 9 da .45 gardama ce tsakanin ƙananan makamai biyu, waɗanda dukansu ba sa'o'in abin da ke hannun masu kai hari ƙauyuka ba ne.

Sai kuma tatsuniyar fim, inda harsashi ke ɗaga mutum sama ya jefar. Da harsashin fistol yana da ƙarfin yin haka, da shi ma mai harbin ya kife, domin turin da ke gaba daidai yake da wanda ke dawowa hannu.

Daga Filifin zuwa Miyami

Masu goyon bayan babban harsashi sukan kafa hujja da yaƙin da Amurka ta yi a kudancin Filifin a farkon ƙarni na 20, da al'ummar Musulmin Moro. Sojojin Amurka sun yi ta kai ƙorafin cewa libarbarsu mai lamba .38 ba ta tsayar da mayaƙan da ke afko musu da takubba, ko da an same su fiye da sau ɗaya. A 1904 rundunar ta sa wasu hafsoshi biyu, John Thompson da likita Louis LaGarde, suka yi gwaji a kan shanu a mahautar Chicago da kuma gawarwaki. Suka ba da shawarar kada harsashin soja ya gaza .45. Daga nan aka karɓi fistol ɗin da John Browning ya ƙera, a 1911, kuma ita sojan Amurka ya riƙe har 1985, lokacin da ya koma Beretta mai milimita 9 domin dacewa da sauran ƙasashen ƙawancen NATO. Masana na baya sun soki gwajin na 1904 da cewa dabbobin ba su da yawa, hukuncin kuma da ido aka yanke shi. Duk da haka ya yi mulkin tunanin mutane shekara tamanin.

Abin da ya sake tayar da ƙurar shi ne artabun ranar 11 ga Afrilu, 1986, a birnin Miyami na Jihar Fulorida. Jami'ai takwas na Hukumar Binciken Manyan Laifuka ta Amurka, FBI, suka tare wasu 'yan fashin banki biyu. Cikin 'yan mintoci aka kashe jami'ai biyu, aka raunata biyar, su ma 'yan fashin suka mutu. Binciken gawa ya nuna cewa tun farkon artabun wani harsashin milimita 9 ya ratsa damtsen ɗaya daga cikinsu, Michael Platt, ya shiga ƙirjinsa, ya tsaya kimanin inci guda kafin zuciya. Raunin na kisa ne, amma bai kayar da shi nan take ba, kuma a cikin mintocin da suka rage masa ne ya yi ɓarnar.

Hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin. Ta koma mai milimita 10, ta ga turinsa ya fi ƙarfin hannun jami'ai da yawa, aka rage masa gudu, daga nan aka haifi .40 a 1990. 'Yan sandan jihohi da birane suka bi sahu. Abin da ba a cika ambata ba shi ne Platt doguwar bindiga ya riƙe, mai ɗan siririn harsashi .223, jami'an kuwa mafi yawansu ƙananan bindigogi ne a hannunsu. Ana iya cewa darasin Miyami na gaskiya shi ne bambancin doguwa da gajera, amma ba shi aka fi ɗauka ba a lokacin.

Alherin da ya fito daga wannan musiba shi ne ma'auni. Daga ƙarshen shekarun 1980 hukumar ta riƙa gwada harsasai a cikin wani daskararren abu mai kama da tsokar mutum, ta kuma gindaya cewa harsashin aiki ya iya nutsawa inci 12 zuwa 18, kimanin santimita 30 zuwa 46. Kamfanoni suka shiga gyara ƙirarsu don cika wannan sharaɗi. Bayan shekara ashirin da biyar, a 2014, sashen horarwa na hukumar ya fitar da takardar da ta ba da shawarar komawa milimita 9, kuma aka koma. Hujjojin takardar su ne ƙashin bayan ɓangaren masu cewa saiti ne gaba. Ta ce da harsasan zamani likitan fiɗa ba ya iya bambance raunin milimita 9 da na .40 ko .45. Ta ce ƙaramin ya fi sauƙin sarrafawa, ya fi arha wajen atisaye, bindiga kuma ta fi ɗaukar sa da yawa. Sannan ta faɗi abin da ya fi kowanne nauyi: jami'an tsaro na kuskuren kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na harbin da suke yi a lokacin artabu.

Hannu a lokacin firgici

Wannan adadi ba na hukumar kaɗai ba ne. Cibiyar bincike ta RAND ta nazarci harbe-harben 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, ta wallafa sakamakon a 2008. Idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 na harsasansu ne ke samun wanda aka nufa. Idan ba a mayar musu da wuta, adadin yakan kai kashi 30. Waɗannan mutane ne da gwamnati ke biya albashi, ta ba su horo, ta kai su filin harbi a kai a kai.

Dalilin a jikin ɗan Adam yake. Idan tsoro ya kama mutum, zuciya na bugawa da sauri, yatsu na rasa natsuwa, gani na ƙuntata a kan abu guda, sau da yawa kuma cikin duhu ne, kowa na motsi. Ƙaramar bindiga ta fi kowace wuyar saiti, saboda gajartar bakinta da rashin gindin da za a dafa a kafaɗa. Karkacewar da ba ta kai kaurin tsinke ba a hannu takan zama taku guda ko biyu a can inda harsashi zai sauka.

Harsashin da ya kuskure kuwa ba ya ɓacewa a iska. A watan Agustan 2012, a gaban dogon benen Empire State na New York, 'yan sanda biyu suka yi harbi 16 kan wani mai kisan kai. Sun kashe shi, amma masu wucewa tara suka jikkata, dukansu daga harsasan 'yan sandan ko ɓarɓashinsu. Wanda ya san yadda gidaje suke manne da juna a tsohon garin Sakkwato, katanga ɗaya tsakanin ɗakin wannan da tsakar gidan wancan, ba ya buƙatar a fassara masa abin da wannan ke nufi.

A nan ma za a iya fahimtar wani ɓangare na labaran maganin bindiga da ake yawan ji, na wanda aka buɗe wa wuta ya fita ko ƙwarzane babu. Idan ƙwararru na kuskuren huɗu cikin biyar, tsira daga harbin wanda bai taɓa zuwa filin atisaye ba ba abin mamaki ba ne. Matasa da dama sun rasa rayukansu wajen gwada irin wannan magani daga kusa, inda kuskure ba ya yiwuwa.

Haka nan ƙaramin harsashi ba abin rainawa ba ne. Da libarba mai lamba .22 aka harbi Shugaban Amurka Ronald Reagan ranar 30 ga Maris, 1981. Harsashin ma sai da ya daki jikin mota kafin ya same shi, amma ya shiga huhu ya tsaya dab da zuciya. Da farko bai san an harbe shi ba, da ƙafarsa ya shiga asibiti, sannan ya sulale. Labarinsa da na Platt abu guda suke nunawa: rauni na iya zama na ajali ba tare da ya tsayar da mutum a take ba.

Masu babban harsashi ba su tashi a tutar babu ba. A 2018 wasu masana biyu, Anthony Braga da Philip Cook, suka wallafa nazarin harbe-harben laifi na birnin Boston daga 2010 zuwa 2014. Suka gano cewa wanda aka harba da matsakaicin harsashi ya fi wanda aka harba da ƙarami yiwuwar mutuwa fiye da ninki biyu, wanda aka harba da babba kuwa fiye da ninki huɗu. Girma ke nan yana da tasiri. Amma abin da suka auna shi ne mutuwa, wadda kan zo bayan mintoci ko sa'o'i, mai kare kansa kuwa buƙatarsa harin ya tsaya yanzu. Abubuwan biyu daban suke, a likitance da kuma a shari'a.

Abin da tarihin Sakkwato ya nuna

Ƙasar nan ta san wannan gardama tun kafin fistol. Maharbi na gaskiya bai taɓa dogara da kaurin kibiya ba. Saninsa na makasar dabba, da iya sanɗa har ya matso kusa, su ne jarinsa, abin da ya rage kuma dafi ya ƙarasa, wanda akan haɗa da 'ya'yan kwankwani. Dafin shi ne girman harsashin wancan zamani, domin yana sa ko rauni kaɗan ya yi aiki.

A yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yunin 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ce ke da dawakai masu lifidi da kayan yaƙi masu nauyi. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin jagorancin ƙaninsa Abdullahi, dawakansu ba su wuce ashirin ba, ƙarfinsu 'yan baka ne. Su suka yi nasara. Bindiga kuwa ta daɗe ba ta da wani matsayi a rundunar Daular. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya halarci harin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a 1826, ya kuma ƙirga bindigogi arba'in da 'yan kai kacal a cikin rundunar dubban mutane. Bindigar lokacin ta ɗuri ce ta baki, kakar bindigar toka ta yau. Ramin bakinta ya fi na kowace fistol ta zamani faɗi, amma ba ta da saiti, kuma kafin a sake ɗura ta gwanin baka ya saki kibau da yawa. Ba banza ba Bahaushe ya raɗa wa irinta suna harba-ka-ruga.

Turawa sun tabbatar da cewa haka abin ya zauna. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa ga tsofaffin na ɗuri da albarushinsu. Ranar 15 ga Maris, 1903, a filin Giginya, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta fuskanci dakarun Kanar Morland masu igwa da bindigogin Maxim masu jigida. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba a ranar, masu riƙe da tuta sun tsaya har suka faɗi a inda suke, amma yaƙin bai kai azahar ba. Harsashin Maxim ya fi na bindigar toka siranta nesa ba kusa ba. Gudu da nisa da yawan fita ne suka raba gardama.

Shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1906, mutanen Satiru da ke kudu da birnin suka tarwatsa rundunar sojan doki ta Turawa da fartanya da gatari da kibau, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka kwashe makamai har da Maxim ɗin da ba ta sami damar yin aiki ba. Sojojin sun matso ba cikin shiri ba ne, aka rufe su kafin su daidaita sahu. Makami mafi girma bai ceci wanda aka shammata ba. Amma a watan Maris aka dawo da runduna, aka shafe garin, aka kashe mutane kimanin dubu biyu.

Matsayin doka

Duk abin da aka faɗa a sama game da fistol, ga farar hula a Najeriya ilimi ne kawai, domin doka ta sanya ta a sahun haramtattun makamai. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko shi ne haramtattu: igwa, roka, bam da gurneti, bindiga mai jigida, bindigogin soja masu harsashin milimita 7.62 da milimita 9 da .300 da .303, sai kuma fistol da libarba kowace iri ce, har da ta gargajiya. Babu mai ba da lasisin waɗannan sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu shi ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, kuma Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Ko a nan dokar ta cire bindigar farauta mai sarrafa kanta da duk mai na'urar sake ɗuri. Kashi na uku shi ne na ɗuri ta baki, irin su bindigar toka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, da amincewar gwamna, ke da ikon hana riƙe su sai da lasisi.

Lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai tilasta a ba shi. Dokar ta hana shi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mashayi, da wanda kotu ta taɓa kamawa da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce, da kuma mai raunin gani. Sharaɗin ƙarshen nan ya nuna cewa masu rubuta dokar sun yi tunanin saiti tun a 1959. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba da izini ba ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne, haka ma ƙera bindiga ba da izini ba, abin da ya shafi maƙera kai tsaye. Na kashi na biyu kuma yana iya kaiwa shekara biyar.

Takarda daban, zahiri daban. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan shida a hannun farar hula a Najeriya. Wannan ne ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar ƙasa ta taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Kiran gwamnoni da iyakar ikonsu

A watan Agustan 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga mutanen yankunan da ake kai wa hari su nemi makamai su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta wuce nan, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace daga masarautu 19 na jihar domin neman lasisi. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko, rundunar 'yan sandan jihar kuma ta ce takunkumin bayar da lasisi yana nan. A shari'ance suna da gaskiya, domin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke yi wa doka. A Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da cewa an dakatar da bayar da lasisin.

Sakkwato ta ɗanɗana ɗacin makami a hannun da ba shi da tsari. A Oktoban 2021 aka zargi 'yan sa-kai da kashe mutane a kasuwar Mamande ta Ƙaramar Hukumar Gwadabawa, kuma kafin watan ya ƙare 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, inda gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai. Hanyar da jihohin yankin suka kama daga baya ita ce kafa rundunonin tsaron al'umma masu horo da albashi, waɗanda ke aiki tare da sojoji da 'yan sanda: Katsina a Oktoban 2023, Zamfara a Janairun 2024, Sakkwato kuma a Maris na 2024 ƙarƙashin Gwamna Ahmed Aliyu. Ko sun wadatar, wannan wata muhawara ce, kuma mutanen Sabon Birni da Tangaza sun fi kowa cancantar amsa ta.

Haƙƙin kare kai da iyakarsa

Rashin lasisin bindiga bai soke haƙƙin kare kai ba. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki ya amince da amfani da ƙarfi don kare mutum daga farmakin da ya saɓa wa doka ko don kare dukiya, da sharaɗin ƙarfin ya kasance gwargwadon buƙata. Kundin Final Kod na Arewa ya yi bayanin wannan haƙƙi a sashe na 59 zuwa 67, ya kuma fayyace cewa bai halatta a yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata ba. Abin da alƙali ke dubawa shi ne ko haɗarin na gaske ne kuma yana nan a lokacin, ko akwai wata mafita, da kuma ko mutum ya tsaya bayan haɗarin ya kau.

Kotuna na tsaurara wannan ma'auni fiye da yadda jama'a ke zato. A Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi daga Jihar Adamawa wanda ya ce an kai masa hari ne da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace ta ya soki maharin. Kotun ta ga cewa da zarar ya ƙwace makamin, haɗarin ya ragu kuma yana da damar gudu. Hukuncin ya jawo suka mai yawa daga lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, amma ya nuna yadda siririn layin yake. Wanda ya yi harbi da bindiga marar lasisi kuwa, ko kotu ta wanke shi daga laifin kisa, tuhumar mallakar makamin tana nan tana jiran sa.

Idan harsashi ya sami mutum

Akwai doka guda da ta fi duk waɗannan amfani ga talaka, kuma ita ce aka fi jahilta. Dokar tilasta kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin bindiga ya fara yi masa magani nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ba kuma tare da neman kuɗin kafin alƙalami ba. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin sa'a biyu da fara jinya. Dokar ta kuma hana a ci zarafin wanda ya taimaka ya kai majinyacin.

Zubar jini ce ke kashe da yawa daga waɗanda aka harba kafin su ga likita. Abin da masu aikin agaji ke koyarwa shi ne a danne raunin da ƙarfi da ƙyalle mai tsabta, kada a saki, kada a tsaya neman ciro harsashi, kada kuma a ba majinyaci abinci ko abin sha saboda yiwuwar tiyata. Ƙanƙantar ramin da ake gani a fata ba ta nuna girman ɓarnar da ke ciki, don haka ko mutum yana tafiya da ƙafarsa yana magana, a garzaya da shi. A birnin Sakkwato manyan wuraren da ke karɓar irin wannan rauni su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na jiha.